Kwabon Laird na 1858: wa ya ba ɗan kasuwa izinin buga kuɗi?

Abban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Masana na kusa? Ina duba wani shafin gwanjon tsofaffin kuɗi na Ingila sai na ci karo da wani ɗan ƙaramin kwabon jan ƙarfe an jera shi a layin Najeriya. Akwai hoton jirgin ruwa, akwai sunan LAIRD, akwai shekara 1858. To mu dai a makaranta an ce mana 1914 aka haɗa Najeriya, Kano ma sai 1903 Turawa suka ci ta. Wace gwamnati ce ta buga kuɗi a 1858? Abin da ya fi ɗaure min kai, kuɗin da aka sa masa ya ninka abin da Ɗan Kurmi ya taya min gwangwanin kwabbaina masu huda gaba ɗaya.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Ai na san da ni za a fara.

Malam Mai Tarihi: Wa alaikumus salam Abban Walid. Babu gwamnatin da ta buga shi. Ɗan kasuwa ne ya sa aka buga masa don cinikinsa. Macgregor Laird mutumin Sukotilan ne, danginsa masu ƙera jiragen ruwa. A 1832 ya shigo kogin Kwara tare da Richard Lander, Turawa 48 suka taso, tara kawai suka koma gida, zazzaɓi ya cinye akasarin sauran. Bai haƙura ba. A 1854 ya sake turo jirgi ƙarƙashin Dakta Baikie, a wannan karon suna shan kwini kullum, ba wanda ya mutu. Daga nan ya buɗe rumfunan ciniki a bakin kogi, a Aboh da Onitsha da mahaɗar Kwara da Binuwai wajen Lakwaja. Matsalarsa ita ce da me zai biya ƙananan abubuwa: itacen da jirgi ke ƙonawa, doya, kaji, ladan 'yan dako. Wuri nauyi ne da shi, ga wahalar ƙirga. Shi ne ya sa aka buga masa wannan a Ingila. Ya rasu a 1861, harkar ta tsaya, kwabon bai samu ya zauna a hannun mutane ba.

Malam Mai Tarihi: Ka ƙara girman hoton ka duba da kyau. Za ka ga daraja iri biyu a jiki: ɗaya bisa takwas na kwabo, da ɗaya bisa 400 na dala. Kuma ban da 1858 akwai shekarar Hijira, 1274. Ya san Nufawa da Hausawa ne manyan abokan cinikinsa a can.

Injiniya: Bari in yi lissafin nan, Malam a gyara min. In kashi ɗaya bisa takwas na kwabo shi ne ɗaya bisa 400 na dala, to dala ɗaya kwabo 50 ke nan, wato sule huɗu da kwabo biyu. Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala a kan wuri 2,500. Raba 2,500 gida 400, ya ba ka wuri shida da 'yar ɗoriya. Ashe mutumin so ya yi ya ƙera ƙarfen da zai tsaya a madadin wuri shida.

Malam Mai Tarihi: A lissafin Kano haka ne. Can ƙasa kusa da teku farashin wuri daban ne, amma ka gano dabarar. Da wuri yake gasa, kuma wuri ne ya yi nasara. Sai a 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi, kuma duk da haka kakanninmu sun daɗe suna sayen daddawa da shi.

Abban Walid: To na ji. Amma har yanzu ban ga dalilin da zai fi nawa tsada ba. Nawa fa na Sarkin Ingila ne, da tauraro da rubutun Larabci. Wannan na wani ɗan tireda ne.

Ɗan Kurmi: Yallaɓai, a sana'armu ba a sayen girman mai suna, ƙarancin abu ake saye. Kwabo mai huda miliyoyi aka buga, shekara da shekaru, daga 1907 har zuwa dab da samun 'yancin kai, kuma ƙasa huɗu ke kashe shi: mu da Gana da Saliyo da Gambiya. Duk tsohuwar da ta rasu a cikin gari in aka buɗe adakarta sai an samu. Wallahi akwai ranar da a kwano ake kawo min su. Wanda ɗan kasuwa ya buga kuwa kaɗan ne tun asali, in kamfanin ya rushe ba wanda zai karɓa, sai a narke ko a zubar. Abin da ya tsira shi ake rububi.

Maman Ilham: Ni kuma an ce min wanda aka rubuta 1936 mai sunan Edward shi ne mai tsada, wai sarkin da ya ajiye sarauta saboda mace. Ina da guda uku.

Ɗan Kurmi: Hajiya, labarin gaskiya ne, tsadar ce babu. Edward na Takwas bai cika shekara a kan gado ba, a Ingila ba a fitar da kuɗi mai hotonsa ba, amma namu da yake huda ce a tsakiya ba hoto, sai aka buga da sunansa kawai, kuma aka buga da yawa. Ki ajiye su don tarihi. In kina son abin da ya fi wuyar samu, nemi anini na sanholo na 1907 wanda bai ci ba. Yanayin ƙasarmu cinye shi yake yi, shi ya sa a 1908 aka canza ƙarfen. Ki kuma duba ƙasan kwabbanki, za ki ga wasu da ƙaramin harafin H, wasu KN. Alamar masana'antar da ta buga ce a Birmingham. Wani lokaci harafin nan ne ke raba mai araha da mai tsada a shekara ɗaya.

Auta: Ni wani ya ce min akwai makuri a cikin kwabo mai huda, wai in ka sa kusa da shinkafa tana matsowa, Larabawa na saye da miliyoyi.

Ɗan Kurmi: Auta, don Allah kar ka sake faɗar wannan a gaban mutane. 'Yan damfara ne. Yau su ce keken ɗinki, gobe dutsen guga na gawayi, jibi kwabo. Ɗaya zai zo ya ce yana saye, ɗaya ya zo ya ce yana sayarwa, kai ne a tsakiya. Wani maƙwabcina haka ya sayar da babur ɗinsa.

Maman Ilham: A koma kan maganar Abban Walid. Ni abin da ban gane ba, haka kawai mutum zai tashi ya buga kuɗinsa hukuma na kallo?

Malam Mai Tarihi: Hajiya, in hukuma ta kasa samar da canji, kallon take yi. A Ingila kanta aka fi yin haka. Daga 1775 gidan buga kuɗi na Sarki ya daina buga na jan ƙarfe, daidai lokacin da masana'antu ke ɗaukar dubban ma'aikata da za a biya duk mako. A 1787 wani kamfanin haƙar jan ƙarfe a tsibirin Anglesey ya fara buga kwabonsa, da alƙawarin duk wanda ya kawo za a canza masa. Nan da nan masu shaguna da masu masaƙu da masu maƙeru suka bi sahu, iri dubbai. Sai a 1797 gwamnati ta ba Matthew Boulton kwangilar buga manyan kwabbai, sannan kasuwar ta faɗi. A Amurka ma lokacin yaƙin basasarsu mutane suka ɓoye kuɗin ƙarfe, 'yan kasuwa suka buga nasu, har aka haramta a 1864. Nan kusa da mu, kamfanin da ya kafa Saliyo ya buga dalarsa da santi-santi masu hoton zaki da shekarar 1791.

Alhaji Na Singa: Alhamdu lillahi, yau an wanke 'yan kasuwa. Kullum ana zagin mu don mun ba da minti ko ashana a madadin canji. Ku tuna farkon 2023 bayan an canza fasalin 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace, masu POS na sayar mana da kuɗinmu. A shagona katin kwali na yanka, in rubuta ragowar canjin mutum, in buga hatimin shago, in sa hannu. Har mai shayin bakin layinmu ya riƙa karɓar katina, da yamma ya kawo min in ba shi sukari da madara. Da ina da injin Laird ai da ƙarfe zan buga.

Kwamared: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka yi a hankali, dokar Babban Banki ta 2007 ta ce shi kaɗai ke da ikon fitar da kuɗi ko wani abu da zai iya yawo kamar kuɗi. Wannan gefe guda. Tambayata: wanda ya riƙe katinka, in ya zo ya ce tsabar kuɗi yake so ko tiransifa, kana ba shi?

Alhaji Na Singa: Me zai hana? Haƙƙinsa ne.

Kwamared: To kai canji ka bayar. Malam ya kawo mana kyakkyawan ɓangaren ne kawai. Akasarin ƙarafan nan da Turawa ke gwanjonsu yanzu ba na canji ba ne, na gandu ne, kuma ba a canza su. Ka ɗauki Deli a tsibirin Sumatra. Tun daga 1863 'yan Holan suka fara noman taba a can, suka kwaso leburori daga Sin da Jawa a kan kwantiragi. Dokar 1880 ta ce lebura in ya gudu ɗan sanda ne zai kamo shi. Sannan a biya shi da ƙarfen da sunan gandun ke jiki, wanda ba ya sayen komai sai a kantin gandun, a farashin da mai gandun ya yanka. Ko ya tsallake shinge, me zai ci da shi a gari? Ladan da ya fita ta ƙofar ofis da yamma ya dawo ta tagar kanti. Haka a gonakin kofi na Gwatamala, haka a ramukan kwal na Amurka. A Chile ma'aikatan haƙar gishirin taki suka yi yajin aiki a 1907, cikin buƙatunsu har da a raba su da waɗannan ƙarafa. Ranar 21 ga Disamba sojoji suka buɗe musu wuta a makarantar Santa Maria da ke garin Iquique, da matansu da 'ya'yansu.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan a biya mutum da kuɗin gaske?

Kwamared: A kan haka, Hajiya. Ingila ta hana a cikin gidanta tun 1831, amma a ƙasashen da ta mallaka ta kau da kai. Kin san tsibiran Cocos a Tekun Indiya? Iyali ɗaya, Clunies-Ross, suka mallake su. Ma'aikatan kwakwarsu Malayawa ne Musulmi 'yan uwanmu. A 1913 aka yi musu kuɗin wata roba mai kama da hauren giwa, kowanne da lambarsa. Da kuɗin gidan nan aka riƙa biyan su har 1978 da Ostareliya ta sayi tsibiran. Jiya-jiya fa, muna kashe naira a lokacin. Shi ya sa dokar ƙwadagonmu ta 1974 ta fara da cewa a biya lada da kuɗin ƙasa, kuma mai aiki ba shi da ikon gaya wa ma'aikaci inda zai kashe.

Injiniya: Duk abin da Kwamared ya faɗa haka ne, kuma ni ina da ɗaya daga cikin na Sumatra ɗin, na saya lokacin da na je kwas Holan. Ga shi a hannuna yanzu. Tagulla ne, ba zagayayye ba, ya yi tsawo kamar ƙwai. Gefe guda sunan gandun da harufan boko, a tsakiya 20. Ɗaya gefen rubutun Sinanci ne, don leburan da ba ya karanta boko ya san nawa aka ba shi. Abin da nake yawan kallo shi ne yadda tsakiyar ta shafe sumul, harufan bakin gefe ne kawai suka rage da kaifi. Ba a aljihun Bature ya shafe ba. Da gangan suke yin siffofi daban-daban, wani mai kusurwa huɗu, wani uku, wani takwas, don kada a kai na wannan gandu a kashe a na maƙwabta.

Kwamared: To Injiniya, ka ji daɗin ajiye shi a falonka? Ni wannan ne ke damuna da sha'awar nan taku. Jikokin masu gandun su ne yau ke gwanjon abin da aka ɗaure kakannin wasu da shi. An ci riba sau biyu.

Injiniya: Haba Kwamared. To a narke shi? Kamfanonin nan da yawa takardunsu sun ƙone ko sun ɓace, leburorin ba su bar rubutu ba. Wani gandun ba abin da ya rage da ke nuna an yi shi sai ƙarfen nan. Kai kanka da ka kawo mana labarin, masu tarawa ne suka jera su, suka gano wane gandu ne ya buga wanne. Ni da yarana suka tambaye ni mene ne, labarin da ka bayar yanzu shi na ba su.

Kwamared: Kai ka ba su. Mai gwanjo kuwa ƙyalli da ƙaranci kawai yake rubutawa.

Injiniya: Wannan kuma gaskiyarka ce, ban musa ba.

Malam Mai Tarihi: Ku bar ni in raba ku da wani misali da ya faɗa tsakani. A Silon, wato Siri Lanka ta yau, masana'antun gyaran kofi na Kolombo kan ba mata masu tsince kofi ƙarfe ɗaya a kan kowane ma'auni da suka gama, ranar biya su kawo a ƙirga a ba su kuɗi. Wannan shaidar aiki ce, ba lada ba. Daga 1869 wata cuta ta kama ganyen kofi, cikin shekara ashirin gonakin suka mutu aka koma shayi, ƙarafan suka zama tarkace. Don haka kafin a yanke wa ƙarfe hukunci sai an san aikin da ya yi: canji ne, shaidar aiki ce, ko tarko.

Abban Walid: Malam, to mu nan Kano fa? Ga gandaye, ga dalar gyaɗa, ga kamfanonin Turawa cike da Fagge ta Kudu da bakin tasha. Me ya sa ba ma jin labarin nasu?

Malam Mai Tarihi: Tambaya mai kyau. Gandayen sarauta irin na Fanisau da Gandun Albasa da Ɗorayi bayi ne ke noma su, bawa kuwa ba a biyan shi lada balle a ƙera masa kuɗi. Wanda ubangijinsa ya sake shi ya nemi na kansa, shi ne ma ke biyan murgu, da wuri. Da Turawa suka zo kuma, dokar ƙasa ta 1910 ta hana kamfanoni mallakar manyan filaye a Arewa. Lever mai sabulu ya nemi filin dashen kwakwar manja a yankin nan na Afirka ta Yamma aka hana shi, shi ne ya tafi Kwango a 1911. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe, amma manomi a gonarsa yake nomawa. Kamfani saye kawai yake yi ta hannun dillalai irin su Alhassan Ɗantata. Manomin da ya kawo gyaɗa a kan jaki daga Ɗambatta ba za ka miƙa masa ƙarfen kantinka ba, sai ya wuce sikelin gaba. Kuma haraji da kuɗin Sarkin Ingila ake biya. Mutanenmu ko takardar kuɗi ta gwamnati da aka kawo lokacin Yaƙin Duniya na Farko ƙin ta suka yi, sai da ragi ake karɓa. Sule na azurfa suke so, har aka daina buga shi da azurfa a 1920.

Kwamared: An ɗaure su dai ta wata hanyar. Bashin da ake ba manomi da bazara a karɓa da kaka ai bai bar ƙarfen da za a yi gwanjo ba, amma aikin ɗaya ne.

Alhaji Na Singa: Kai Kwamared, kai dai ko an ba ka aljanna sai ka tambayi nawa ake biyan masu shara.

Auta: Jama'a ku duba hoton da na turo. A cikin kayan marigayi kakanmu na gani. Tagulla ne, ya fi kwabo faɗi kaɗan, huda a sama ba a tsakiya ba, lamba 214, bayansa babu komai. Ko irin na kamfanin ne? Nawa zai yi?

Ɗan Kurmi: Na gani. Auta, wannan ba kuɗi ba ne, lambar aiki ce. Ka lura da abu uku. Ba a rubuta daraja ba, ba kwabo ba sule. Hudar tana sama don a zura igiya a rataya. Sannan lambobin ba su daidaita ba, 4 ɗin ta ɗan karkace ta fi sauran nutsewa, da hannu aka buga su ɗaya bayan ɗaya da guduma. Irin su na zuwa hannuna jefi-jefi. Matsalar, tunda ba suna a jiki, ba wanda zai iya cewa ta ina ce, mai saye kuwa sunan yake biya. A haka kuɗinta bai wuce na tagullar ba. Ka tambayi tsofaffin gidanku inda ya yi aiki.

Auta: Bari in wanke ta da lemon tsami da toka ko wani rubutu zai fito.

Baba Maƙeri: Kul, yaro! Ina karanta ku tun ɗazu ban ce komai ba, amma wannan ba zan yi shiru ba. Duhun nan da ka gani a jiki shi ne shaidar tsufanta. In ka goge, ka mai da ita sabuwa, kuma toka na barin zane. Ruwa da ɗan sabulu, ka shanya, ka naɗe a takarda, kar ka sa a leda. Tunda ana maganar tsada, bari in gaya muku yadda ake gane na jabu, don aikinmu ne. Na asali bugawa ake yi da ƙarfi, harufansa na da kaifi, filinsa sumul. Na jabu zubi ne: a danna na asali a cikin ƙasa, a zuba narkakken ƙarfe. Ka duba da gilashin masu gyaran agogo, za ka ga 'yan ramuka kamar an yayyafa yashi, a bakin gefe kuma akwai layin da rabi biyun suka haɗu, ko alamar an goge shi da magagari. Ka ɗora a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, na bugu zai yi ƙara mai tsawo, na zubi ya ce maka ƙwas. Kuma zubi kan ɗan fi na asali ƙanƙanta, don ƙarfe na tsukewa in ya huce.

Maman Ilham: Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina da liyari, tsohon kuɗin azurfan nan, a sarƙar da na gada wajen mahaifiyata, an rubuta 1780. Shekara fiye da 240 ke nan fa.

Baba Maƙeri: 'Yata, duk liyarin da na taɓa riƙewa 1780 ne a jikinsa. Shekarar da sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta rasu ke nan. Larabawa da Habashawa da mu ba ma karɓar wanda aka canza, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan, har a Landan da Rum da Bombay. Nauyinsa giram 28, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari. Allah kaɗai ya san nawa iyayenmu suka narke suka yi mundaye da zobba. Naki tunda an riga an liƙa masa kunne, ki bar shi a sarƙarsa. In aka cire, tabon wutar ba ya ɓacewa, kin ɓata sarƙa ba ki samu kuɗi ba.

Alhaji Na Singa: Ustaz na nan? Sayen kwabo ɗaya da naira dubbai, ba riba a ciki? Kuɗi da kuɗi ne fa.

Ustaz: Ina nan Alhaji. Abin da aka daina ciniki da shi ya fita daga hukuncin kuɗi ya zama haja, a sayar yadda aka daidaita, matuƙar ba ƙarya ba ɓoye aibi. Sayar da zubi a ce bugu ne, ko labarin makuri, wannan algus ne ƙarara. Liyari kuwa azurfa ce, in za a saya da naira a yi hannu da hannu, kar a yi bashi. Maganar ko ƙarfen ɗan kasuwa na iya zama kuɗi, Imamu Malik ya ce ko fata mutane suka yarda da ita a tsakaninsu har ta zama kuɗi, zai ƙi a sayar da ita da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Wato yardar mutane ce ma'auni. Leburan da Kwamared ya ambata kuwa ba a nemi yardarsa ba. Allah ne mafi sani.

Abban Walid: Allah ya gafarta Malam, mun gode. Wanda kuma ya samu irin wannan a gida, zai iya aika wa masu gwanjon waje?

Malam Mai Tarihi: Ya fara zuwa wajen Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suna nan Gidan Makama. Dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izininsu ba, su ne za su ce wannan ya shiga ko bai shiga ba. Ni abin da ya fi damuna ma ba masu fitarwa ba ne, 'yan jari bola ne. A kilo suke saye. An rushe tsohon gida a Koki ko Dala, a kwashe duk wani ƙarfe a kai sikeli, ba wanda ya duba abin da aka rubuta.

Baba Maƙeri: Kwanaki a cikin buhun tagullar da aka kawo min narkewa na tsinci anini goma sha, da awon sikeli na da mai hatimi. Na ware su. Wanda bai sani ba wuta zai zuba.

Auta: Na dawo. Na je na tambayi Hajiya Kaka. Ta ce dako ya yi a bakin tashar jirgi lokacin gyaɗa, kafin ya samu jarin koli. A ƙugu yake ɗaure ta. Ta ce da suna ba a kiran kowa, malamin awo lamba yake kira, in ka ɓatar da ita ranar ba ka da lada sai an ci ka tara. Wai har ya tsufa in yara suka ce 214 sai ya waiwayo yana dariya.

Ɗan Kurmi: Yauwa! Maza rubuta duk abin da ta faɗa a takarda, da sunansa da unguwarku, ka haɗa da ita wuri ɗaya. Yanzu ta fi ƙarfin kuɗin tagulla. Kawo min gobe bayan Azahar mu yi magana.

Auta: Ai ta karɓe. Ta ce wa ya aike ni buɗe mata adaka, kuma duk wanda ya sayar ba ta yafe ba.

Ɗan Kurmi: Shi ke nan, ciniki ya watse. Ka gaishe min da Hajiya Kaka, ka ce in akwai anini fari a adakar ina saye.